Fili naka ne, amma sunan wa ke cikin rajista?



In aka tambayi da yawanmu takardar gidan da muke kwana ciki, amsa guda ce: tana cikin akwatin tsoho. To a buɗe akwatin a duba sunan da ke kanta. Sau tari sunan kaka ne da ya jima da rasuwa, ko sunan wani baƙo da ya saida wa wanda ya saida wa babanmu. Takarda ta bi hannu uku ko huɗu, kowa ya biya, ya ninke ya aje, ba wanda ya taka zuwa meri ko ofishin domen ya ce a sauya suna. Wannan sauyin shi ake ce wa mutasiyon, kuma a ganinmu, muddin ba a yi shi ba ciniki bai ƙare ba.

Mi ya sa? Don hukuma ba ta san akwatinka ba, littafinta ta sani. Wanda sunanshi ke rajista na iya cewa takardarshi ta ɓace, a ba shi wata, ya saida wa mutum na biyu. In shi mai tsoron Allah ne, magadanshi fa? Kuma takardun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai shaidar mallakar gargajiya, akwai akt de sesiyon da meri ke bayarwa bayan an yanka filaye, sannan akwai titir fonsiye. Tun dokar 26 ga Yuli 1932 ta zamanin Faransa, titir fonsiye in ya fito ya fito, ba a tada shi. In wancan na biyu ya riga ka samunshi, abin da ya rage maka shi ne bin wanda ya cuce ka kotu-kotu kana neman diyya. Fili kam ya tafi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen jingina. Talaka ya jinginar da gona jika ɗari don magani ko biki. Baɗi ya koma a ƙara mishi jika hamsin, baɗin baɗaɗa wata hamsin, duk da baki, gaban mutum biyu a gindin bishiya. Kowane ƙari sauya yarjejeniya ne, amma ba a rubuta ko ɗaya ba. Ran da masu maganar suka kwanta dama, ƴaƴan wannan su ce jingina ce, ƴaƴan wancan su ce sayarwa ce, kuma wanda ke noma gonar shi ke da rinjaye. Alhali dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda yau suke daga matakin ƙauye har na departema. Suna da takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. In an ƙara kuɗi ko an ƙara wa'adi, a koma gabansu a sabunta, kowa ya riƙe tashi.

A birni ma haka take da banki. Wanda ya ci bashi da gidanshi, ana rubuta jinginar a kan titir ɗin, bisa dokar Ohada da aka sabunta a 2010. In an sake tsarin bashin, an ƙara kuɗi ko an ƙara shekaru, a bi ta wajen noter, sauyin ya shiga littafi. In ka gama biya, kar ka tsaya ga murna da sadakar godiya. Nemi takardar ɗage jingina daga banki, ka kai a soke ta a rajista. In ba haka ba, ran da za ka saida gidan ko ka nemi wani bashin, littafi zai nuna har yanzu ana bin ka.

Sai gado. Mahaifi ya rasu, an bar komai da sunanshi wai don kar a ɓata zumunci. Takardu na hannun babban wa. Shekara goma, sai a ji ya saida kangon bayan gari shi kaɗai. Wa ke asara? Gwauruwar da addini ya ba tumuni, ƴaƴa matan da ke gidan aure, da marayun da ba su yi wayo ba. Rabon da aka yi da baki gaban malam, in bai bi ta taron dangi da alƙali ya tabbatar ba, bai kuma kai ga sauya suna ba, kason mace na nan rataye ga imanin ƴan'uwanta maza.

Wani zai ce ai akwai amana tsakaninmu. Gaskiya ne, amma shaidu na mutuwa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce a rubuta bashi. Neman takarda ba zargi ba ne.

Wani kuma zai ce tsada da jeka-ka-dawo ke korar mutane. Wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma nan ne nauyin hukuma yake. An taɓa fito da titir mai sauƙi da aka sa wa suna Sheda, amma mutum nawa a unguwarku suka san da shi? Muna kira ga magadan gari da ma'aikatar kula da filaye: a liƙa kuɗin kowace takarda da kwanakin da take ɗauka a bakin ƙofa, da Faransanci da harsunanmu. Kowane dala aka karɓa a ba da rasiɗi. A sa rajistoci cikin kwamfuta, mai saye ya iya bincike kafin ya biya. Ma'aikacin da ya ba mutum biyu fili guda ya fuskanci alƙali, ba canjin wurin aiki kawai ba. Muddin hanya na da duhu, ƴan kamasho ne za su ci gaba da cin kasuwarsu.

Mu kuma da muka yi boko, ga aikinmu na wannan mako. Mu zauna da iyaye cikin ladabi mu karanta musu takardunsu: sunan wa, lambar fili da ta ilo sun dace da inda gidan yake, akwai jinginar da ba a ɗage ba? Mu ɗauki hotonsu mu aje. Mu raka su meri ko Kofo tun masu sa hannu na da rai, don tun ran gini ake zane.

Ku tura wa dangi, ku kuma faɗa mana a ƙasa: a garinku nawa aka caje ku kuɗin mutasiyon, kuma an ba ku rasiɗi?