Jini Shaida Ne, Likitan Fata Ne Alƙali

Akwai wata larura da gashin kai ke zubewa a zagaye kamar faɗin kwabo, fatar ta zauna sumul babu ƙaiƙayi babu ɓawo, wadda jama'a kan danganta da sammu ko makero, alhali asalinta garkuwar jiki ce ta juya ta far wa saiwar gashin mai ita. Tun da illar daga ciki take, masana sun duƙufa kan jini, suna auna alamomin kumburi irin su CRP da ESR da ƙididdigar fararen ƙwayoyin jini, sun kuwa tarar suna ɗan hauhawa ga wasu marasa lafiya.

A ra'ayina, wannan ƙarina ce kawai, ba ta kai hujjar yanke hukunci ba, domin zazzaɓin cizon sauro ma, wanda ya zama ruwan dare a ƙasarmu, yana ɗaga waɗannan alamomi. Fa'idar jini ta haƙiƙa tana wajen bincikar cutar maƙoƙo, wadda kan zo tare da wannan larura. Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya ga haka a kan ɗansa, ya fara kai shi gaban likitan fata kafin ya zubar da kuɗi a ɗakin gwaji.