Shayin Citta Ba Ya Maye Gurbin Asibiti

Da hunturu ya kankama, tukunyar shayi ba ta sauka daga murhu. Uwargida ta ɗauko ɗanyar citta mai girman babban yatsa, ta kankare ɓawon da bakin cokali, ta daddaka a ƙaramin turmi, ta zuba a ruwa kofi biyu. Kafin minti 10 ƙamshi ya cika tsakar gida. Ta jefa kanumfari uku ko huɗu, ta tace, ta matsa lemon tsami. Duk wanda ya kurɓi wannan da asuba, yaji ya ratsa maƙogwaronsa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya san citta ni'ima ce. Babu mai jayayya da wannan kofi.

Jayayyar da masu saƙon murya na WhatsApp ce, waɗanda suka mai da citta maganin kowace cuta: hawan jini, ciwon suga, taifot, "sanyi", tumbi, har da ciwon daji. A 2020, lokacin korona, an yi ta yayata cewa citta da tafarnuwa da lemon tsami sun isa rigakafi. Hujjarsu kullum ɗaya ce, wai abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. To, zaƙami ma daga ƙasa ya tsiro, kuma kowa ya ga yadda yake juya ƙwaƙwalwar matasa.

Amfanin citta da gwajin likitoci ya fi tabbatarwa shi ne kwantar da tashin zuciya, musamman na mai laulayi. Kimanin giram 1 a yini aka fi ba masu ciki a irin waɗannan gwaje-gwaje. Yajinta daga wani sinadari ne mai suna jinjarol, wanda idan citta ta bushe wani sashensa kan rikiɗe ya ƙara zafi, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya kaifi a harshe. Mai mura kuma yakan ji sauƙin maƙogwaro da toshewar hanci idan ya sha da ɗumi. Sauƙi ne na gaske, amma jikinsa ne ke korar murar a cikin kwanaki.

Ɓarnar tana faruwa ne a ɗakin dattijon da aka ce masa jininsa ya hau. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, ba ya nuna alama. Ya sha shayin citta mako biyu, ya ji garau, ya tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin katifa. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, babu mai saƙon murya da zai zo jinya. Mai ciwon suga kuwa yakan zuba sukari cokali uku a kofin da ake ce masa magani ne. Taifot ƙwayar cuta ce da sai maganin kashe ta, jinkiri kan kai ga fashewar hanji.

Ita kanta cittar tana da iyaka. Idan ta wuce kimanin giram 4 a yini takan tayar da ƙwannafi ko gudawa, kuma ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini irin wafarin kada su yawaita ta ba da sanin likita ba.

Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna, waɗanda cuta ta cinye wa gonaki a 2023 har farashi ya yi tashin gwauron zabi, ba su taɓa buƙatar a yi wa amfaninsu ƙarya kafin ya sayu ba. Ƙamshinta da yajinta ne suka kai ta kasuwannin ƙasashen waje.

A dafa citta, a sha da safe, a ba baƙo. Amma wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan maganinsa, kuma zazzaɓin da ya kwana biyu bai sauka ba a kai shi asibiti a gwada jini.