A kare na'urorin jagorar jirage a Zariya da Kaduna

Duk wanda ya zauna a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya saba da ƙugin ƙananan jiragen da ke shawagi a kan Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take tun kafuwarta a 1964. A shekarar ce kuma aka kafa Rundunar Sojan Saman Nijeriya, wadda ke horar da nata matuƙan a sansaninta na Kaduna, tazarar kimanin kilomita 80 daga Zariya. Ɗalibin farar hula da hafsan soja sararin samaniya ɗaya suke bi, kuma rayuwarsu duka ta rataya ne a kan abin da ido ba ya gani, wato saƙon rediyo.

Matuƙi yana magana da hasumiyar kula da zirga-zirga a zangon da ke tsakanin megahaz 118 da 137. Duniya ta ware 121.5 domin kiran gaggawa, sojoji kuma suna da 243. Daga 108 zuwa 118 ne na'urorin jagora ke aiki: VOR da ke nuna wa matuƙi alƙiblarsa, da ILS da ke daidaita shi da titin sauka ko da hazo ya rufe ƙasa. Zangon FM da gidajen rediyonmu ke watsa shirye-shirye a kai yana ƙarewa ne daidai a 108. Ke nan tashar da na'urarta ta lalace, ko ta wuce ƙarfin da aka amince mata, tana iya kutsawa cikin kunnen matuƙin da ke neman hanyar sauka. A yankin da hazon hunturu ke rufe sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ba mu manta da ranar 21 ga Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin sojan sama ɗauke da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya faɗi kusa da babban filin jirgin Kaduna, mutum 11 suka rasu. Filin soja ya nufa, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi zuwa na farar hula. Darasin a fili yake: ranar da sama ta ɓaci babu filin soja babu na farar hula, kowane jirgi inda zai iya sauka lafiya yake nema. Sannan a ranar 26 ga Maris na 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin na Kaduna, suka kashe mai gadin Hukumar NAMA da ke tsaron wurin na'urar VOR. Irin waɗannan na'urori a bakin daji ake kafa su, nesa da jama'a, kuma sau da yawa mai gadi ɗaya ne tsakaninsu da ɓarayi.

A Zariya kuwa babbar barazanar ita ce cin filin. Gari ya faɗaɗa har ya kewaye kwalejin, alhali dogayen gine-gine da turakun sadarwa suna tare hanyar jirgi, suna kuma karkatar da saƙon na'urori. A 2021 hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna ta rushe gidaje a unguwar Graceland bisa hujjar cewa suna cikin filin kwalejin, iyalai suka kwana a waje. Abin tambaya shi ne, ina hukumomin suke lokacin da ake yanka filayen, ake sayarwa, ake aza tubali? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumar da ta yi barci shekara da shekaru ba ta da bakin ɗora wa talaka laifi shi kaɗai.

Saboda haka muna kira ga NAMA da Rundunar Sojan Sama su riƙa duba na'urorin filayen Kaduna da na Zariya tare, a kan kari, a kuma tanadar musu wutar da ba ta yankewa da tsaro na ƙwarai. Hukumar NBC, da ke ba gidajen rediyo lasisi, ta riƙa auna abin da tashoshin FM ke fitarwa, ta hukunta duk wadda ta ƙetare iyaka komai girman mai ita. Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da Masarautar Zazzau su shata iyakar filin kwalejin ƙarara, a kafa alamu, a sanar da masu unguwanni da dillalan filaye, domin kada wani ya sake zuba gumin rayuwarsa a inda za a rushe.

Kwalejin Zariya ce ke yaye masu kula da zirga-zirgar jirage da injiniyoyin da ke gyara waɗannan na'urori a faɗin ƙasar nan. Abin kunya ne a ce gidan da ke koyar da aikin shi ne za a bari cikin sakaci. Kuɗin da za a kashe wajen kula da na'ura bai kai darajar ran matuƙi ɗaya ba, balle na mutanen da ke kwana a ƙarƙashin hanyar jirgin. Allah Ya kiyaye mu.