Dandalin 'Yan Mata: Bishiyar Da Na Dasa A Cikin Littafi

  

Yau dai da 'yar kunyata na zo muku. Wata ƙanwata 'yar aji biyar a makarantar kwana ce ta aiko min da wasiƙa har shafi uku, kuma tun da na karanta nake jin kamar in tona ƙasa in shige. Waɗanda suka karanta littafina na biyu za su tuna wurin da tauraruwar ta fito lambun gidansu a Nasarawa da yamma, ta miƙa hannu ta tsinko ceri jajawur ta ba saurayin nata. To ita wannan yarinya kawunta ne ya dawo daga tafiya ya yo musu tsarabar ceri. Da ta sha sai ta adana ƙwallayen, ta binne su a bayan ɗakinsu, ta yi wata uku tana ban ruwa safe da yamma, har ta yi wa ƙawayenta alkawarin kowa za ta samu. Ko tsiro ba ta gani ba. Yanzu sun sa ta a gaba da tsiya, ita kuma ta ce ai Anti ce ta rubuta, Anti kuwa ba za ta rubuta abin da babu ba.

Ƙanwata ki yi haƙuri, laifina ne. Wallahi lokacin da na rubuta wurin nan ban taɓa ganin bishiyar ceri da idona ba. Abin da na sani shi ne wanda ake ɗorawa a kan kek ɗin biki, ja sharr kamar jan baki, sai na ga ai gidan masu kuɗi ya dace a ce suna da bishiyarsa. Ashe shi kansa wannan na kan kek an cire masa ƙwallo ne an jiƙa shi a sukari an sa masa kala, ɗanɗanonsa na asali duk ya tafi.

Bayan wasiƙarki na tashi haiƙan da bincike, ga kuma abin da na samo. Ceri ɗan ƙasar sanyi ne. Bishiyar takan zubar da ganyenta ta yi barci a lokacin hunturu, kuma ba ta farkawa ta yi fure sosai sai ta sha sanyi na ƙasa da digiri 7 har na tsawon awa 700 zuwa sama da 1,000, gwargwadon irinta. Ki ƙirga ki gani, kusan wata guda ke nan ko fiye, dare da rana. Mu kuwa nan Kano, ko a tsakiyar hunturun da muke ƙudundune cikin bargo muna kuka da faso, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma kafin azahar rana ta buɗe. Shi ya sa ƙasar Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, sannan akwai Amurka da Iran da Chile. A Turkiyya daga watan Mayu zuwa Yuli ake tsinkarsa, a Chile kuwa daga Nuwamba zuwa Janairu, domin su damina da raninsu a juye suke da na arewacin duniya, kuma mafi yawan nasu ƙasar Sin ake kai wa.

Ƙwallon da kika binne ma da dalilinsa na yin shiru. Shi ma sai ya kwashe wajen wata uku cikin sanyi da danshi kafin ya tsage. Masu gwadawa a firji suke ajiye shi cikin yashi mai laima, mu kuwa kin san halin wutar lantarkinmu, ruwan sanyi ma ya muka ƙare. In ma ya fito, bishiyar sai ta shekara huɗu zuwa bakwai kafin ta fara 'ya'ya, kuma wadda ta fito daga ƙwallo ba lallai ta gaji zaƙin uwarta ba, shi ya sa manoma aure suke yi wa dashen kamar yadda ake yi wa mangwaro.

Abu biyu ki riƙe in an sake kawo muku tsarabar. Na farko, ceri ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne da za ki binne a buhu ki jira, yadda ya bar bishiya haka zaƙinsa zai tsaya, sai dai ya yamutse ya lalace. Don haka ki zaɓi mai duhun ja, mai tauri da sheƙi, wanda sandar jikinsa take kore, ki sa a wuri mai sanyi, kar ki wanke sai za ki sha. Na biyu, kar ki bar ƙannenki su fasa ƙwallon su tauna abin cikinsa, akwai guba a ciki.

Wata za ta ce to ita agwaluma fa, ai 'yan kudu ceri suke ce mata da Turanci. Suna ne kawai ya zo ɗaya, ko kusa ba dangi ba ne. Agwaluma ƙatuwar bishiya ce ta kurmi, daga kudu ake kawo mana ita tun daga wajen Disamba har zuwa Afrilu, mu sha tsaminta muna yatsina fuska mu mai da sauran cingam.

Ina cikin wannan bincike ne na ci karo da hoton wani abu a intanet da Turawa suke kira cerin ƙasa. Ɗan ƙaramin abu ne rawaya kamar ƙaramin tumatir, yana lulluɓe cikin wata 'yar riga mai kama da takarda. Na tsura masa ido ina cewa na san fuskar nan. Na kai wa kakata wayar, ta kawo ta dab da ido, sai ta fashe da dariya har da tafa hannu.

“Ke dai Allah ya shirye ki. Wannan ai matsarmama ce. Ba ita kuke fasawa a goshi ba in mun je gona?”

Ita ce kuwa! Duk wadda ta taɓa zuwa ƙauye hutun damina ta san ta. Wata 'yar ciyawa ce da take fitowa da kanta a gefen gona da kan juji da bayan katanga, tsayinta bai cika wuce gwiwa ko cinya ba, furenta ɗan ƙarami ruwan ɗorawa mai haske, 'ya'yanta na reto a ƙarƙashin ganye kamar ƙananan fitilu. Mukan tsinko ɗanyen mu buga a goshin juna ya yi ɗas, mu yi ta dariya. Ashe abin da muke wasa da shi, masu noma kuma suke nomewa a matsayin ciyawa, 'yar uwarsa ce ake sayarwa da tsada a kantunan Turai ana ƙawata faranti da ita.

Danginsu ɗaya da tumatir da gauta da barkono da dankalin Turawa, kuma asalin zuriyar daga nahiyar Amurka take. Iri-iri ce. Tamu ta gona ita ce ƙarama, zaƙinta kaɗan ne. Akwai babba mai ruwan lemo wadda ta fito daga tsaunukan Peru da Kolombiya, ana nomanta a Afirka ta Kudu da Kenya da Masar. Waɗanda suka yi karatu a Alƙahira za su gaya muku a kan amalanke ake tallanta, harankash suke ce mata. Akwai kuma wata gajera mai yaɗo da ake shukawa a lambunan Amurka, ita ce in ta nuna take faɗowa ƙasa da kanta, daga nan aka samo sunan cerin ƙasa. Har a shekarar 2018 wasu masu bincike a Amurka suka taɓa ƙwayoyin halittarta don ta rage yaɗo, ta ƙara yawan fure, 'ya'yan kuma su ƙara girma.

A nan nake so ku buɗe kunne, domin na ga abin da idona. Bara da damina mun je ƙauye suna, muna can ɗaki ana ta hira da shewa, ashe 'yar yayata mai shekara huɗu ta bi yara bayan gida. Su manyan fasawa suke yi, ita kuwa ta zauna ta ɓare ɗanyu shar ta yi ta ci. Kafin magariba yarinya ta fara riƙe ciki tana kuka, sai amai, sai gudawa. Ranar ba wanda ya runtsa. A bayan babur aka kai ta asibiti cikin dare, sai da aka ƙara mata ruwa, Allah ya sa da sauran kwana. Dalili kuwa, ɗanyenta da ganyenta da ita kanta rigar duk suna ɗauke da irin gubar da take cikin dankalin Turawa in ya yi kore. Babba zai iya cin ɗaya ya tofar saboda ɗaci, yaro kuwa jikinsa ƙarami ne. Na san tsofaffi suna haɗa ganyen a magani, amma ni dai ban ce wata ta je ta dafa ta sha ba, balle mai ciki.

To yaya za ki gane nunanniya? Rigar za ki fara duba. Muddin tana kore tana da laima, ki ƙyale ta. In ta bushe ta koma kalar karan dawa, tana ƙara in kin taɓa kamar takardar tsire, to ki ɓare ki duba ɗan. Ki ga ya bar kore ya yi rawaya, ya ɗan yi laushi, yana ƙamshi. Mafi kyau ma ki tsinci waɗanda suka faɗo da kansu. In kin ɓare kin ga da sauran kore a jiki, ki bar sauran cikin rigarsu a faifai, a inuwa mai iska, kwana kaɗan za su ƙarasa. Wadda ta ƙi juyawa ki zubar, kar ki yi rowar ta. Wani abin sha'awa, rigar nan ita ce firjinta: in ba ki cire ba, kuma wurin a bushe yake, sai ta yi makonni ba ta lalace ba. In kin cire za ki ji ɗan yana da ɗan danƙo, sai ki wanke sosai.

Shukarta kuwa, duk wadda ta iya rainon tumatir ta gama. Ki samu nunanniya sosai ki matse a kofi da ruwa, ƙwayoyin za su kwanta a ƙasa, ki tsiyaye ruwan ki shanya su a takarda. Ki barbaɗa a tsohon kwano ko fasasshen bokiti da kika huda ƙasansa, ki yayyafa ƙasa kaɗan a kai, kar ki binne da zurfi don ƙanana ne ƙwarai. Ki yi haƙuri da ita, takan yi mako ɗaya zuwa biyu, wani lokacin ma fiye, kafin ta leƙo. In ta yi wajen mako shida ki dasa, ki bar kamar taki ɗaya na babba tsakanin kowace, a inda rana take samu sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. Kuskuren da na yi a nawa, na zuba kashin kaji da yawa don son ta yi sauri, sai ta ba ni ganye kamar me, 'ya'ya kuwa 'yan ƙalilan. Taki kaɗan ya ishe ta. Gajerun iri bayan dashe da wata biyu da rabi za ki fara tsinta, babbar ta fi jinkiri. Ki shimfiɗa tsohon buhu ko busasshiyar ciyawa a gindinta don waɗanda suka faɗo kada su kwanta a laka. Sai kuma kaji, su ne kishiyoyinki, ki kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro.

Ana cinta haka nan, ana yanka ta cikin haɗin kayan marmari da kankana da gwanda. Ni abin da ya fi burge ni shi ne jam na shafa wa burodi. Kofi huɗu na wankakkiya, kofi biyu na sukari, ruwan lemon tsami guda ɗaya. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa kina dannewa da ludayi har su fashe, ki bar shi ya yi kauri. Ki ɗiga kaɗan a faranti, in ya huce ya tsaya bai gudu ba to ya yi. Ki zuba a kwalbar da kika tafasa ta bushe. Mai son yaji kuma ta jajjaga ta da attaruhu da albasa da ɗan gishiri, ta ci da gasasshen kifi, ta ba ni labari. Amaren gobe ku rubuta wannan a littafin girkinku, ranar da dangin miji suka zo karin kumallo ki ajiye musu, a tambaye ki a wane kanti kika saya.

Ke kuma ƙanwata, in kin koma gida hutu ki samo nunanniya ki shuka a wurin da kika binne ƙwallayen nan, kafin ƙarshen zango mai zuwa kin cika wa ƙawayenki alkawari. Ki ce musu Anti ta amsa laifinta a bainar jama'a. Na riga na yi magana da mai buga min littafi, in za a sake bugu na gaba za mu sare bishiyar nan daga lambun, tauraruwar ta tsinko masa gwaiba.

Masu tambaya a kan yadda ake hana lalle dusashewa da wuri, na ga wasiƙunku, ku tara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida min su Umma.