Kafin Manhaja Ta Raba Gado, Ta San Bambancin Baffa da Kawu

A ɗauka wani ɗalibin kwamfuta da ke zaune a Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato, zai haɗa manhajar lissafin gado. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya kwaso tsarin dangantaka da aka riga aka gina da Turanci ya ɗora lissafinsa a kai. Daga nan ɓarna take farawa.

Irin wannan tsari shi masana ke kira ontoloji: a fayyace wa kwamfuta abubuwan da ke cikin wani fanni, rukunin kowanne, da yadda suke da alaƙa. Schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka ƙaddamar a 2011, yana da gurbi guda ne na ɗan'uwa. Wannan ya wadatar da injin bincike, amma a fiƙihun Malikiyya shaƙiƙi daban, ɗan'uwa na uba daban, na uwa daban. Na uwa, idan shi kaɗai ne kuma babu mai katange shi, sudusi yake ɗauka. Baffa yana cikin asaba, kawu ba ya ciki, alhali Turanci kalma ɗaya yake kiransu da ita. Kai, ko a Hausar yau da kullum wasu kowa kawu suke ce masa, don haka fassara sunayen gurabe ba za ta fid da ɗalibin ba.

Hanyar da ta fi dacewa tsohuwa ce. A 1995 Grüninger da Fox na Jami'ar Toronto suka kawo dabarar fara rubuta tambayoyin da dole tsarin ya iya amsawa kafin a gina komai, kuma jagorar Noy da McGuinness ta Stanford ta 2001 ta bi wannan sawu. Wa ke katange wa? Idan mamaci ya bar mata 2 da 'ya'ya, yaya za su raba sumuni? Waɗannan tambayoyi a bakin malamin zaure da alƙalin kotun shari'a suke.

Za a ce wannan ɓata lokaci ne ga mai gaggawar miƙa aikin kammala digiri. Da gaskiya a ciki. Sai dai manhajar Protégé kyauta ce, ana koyonta cikin makonni, amma gurbin da aka gina bisa kuskure yakan bi duk bayanan da aka zuba daga baya. Ranar da manhajar ta ba kawu kason baffa a gidan da ake rabawa, dangi ba ontoloji za su tuhuma ba, junansu za su kai kotu.