Kira Ga Matasanmu Masu Neman Aikin Jaridar Wasanni

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina game da 'ya'yanmu da suka gama jami'a ko kwaleji, suka yi hidimar ƙasa, suka dawo gida da takarda a hannu, kuma ba abin da ransu ke so illa aikin jarida ɓangaren wasanni. Maganar tasu ce, amma rabinta namu ne, mu iyaye da muka sayar da hatsi da awaki muka biya kuɗin makaranta, da kuma 'yan uwana masu shaguna da 'yan tireda.

Da farko dai, duk wanda ya ce babu kasuwa a wannan harka bai leƙa gidan kallo ranar Asabar da yamma ba. Daga birni har ƙauyen da ba wutar lantarki, janareta na ruri, benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa. Da safe kuma a teburin mai shayi a ɗora musu daga inda aka tsaya jiya. To, tunda masu saye sun yi yawa haka, me ya sa yaron da ya karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yake yawo da fayil shekara biyu, shekara uku, bai samu kujera ba?

Jama'a, sai mun waiwaya baya kaɗan. A da, rediyo da talabijin duk na gwamnati ne. In aka ɗauke ka a Rediyon Kaduna ko NTA ko gidan rediyon jiha, to ka zama ma'aikacin gwamnati, albashi duk wata, fansho in ka tsufa. Guraben ba su da yawa, amma masu takardar ma ba su da yawa. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin. Raypower ta fara a Legas a 1994, Brila FM wadda ba ta da aiki sai wasanni ta biyo baya a 2002, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta fitowa kamar ciyawar damina. Sai kowa ya ɗauka aiki ya samu. Ƙofofi kam sun ƙaru, amma tuwon da ke cikin ɗakunan bai ƙaru yadda aka zata ba.

Dalili kuwa shi ne, gidan rediyon ɗan kasuwa da talla yake rayuwa, kuma kafin ya biya ma'aikaci sai ya sayi man janareta, ya biya kuɗin wuta da na lasisi. Teburin wasanni a yawancin tashoshi mutum ɗaya ne ko biyu, kuma wanda ya zauna ba ya tashi da wuri. Saboda haka in yaro ya je neman aiki, abu biyu akan ce masa. Ko dai ya zo ya riƙa taimakawa har Allah ya kawo gurbi, ko kuma ya sayi fili, wato ya biya kuɗin rabin awa, ya je ya nemo masu talla da kansa, abin da ya saura nasa ne. Akwai ɗan maƙwabcina da ya yi shekara biyu cur yana karanta labarin wasanni a wata tasha, garin nan kowa ya san muryarsa, amma kuɗin acaɓar zuwa aiki a wurin tsohuwarsa mai sayar da ƙuli yake karɓa. Gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, ta kuma kai alawus ɗin masu hidimar ƙasa Naira 77,000 a 2025, amma sai ka ga yaro ya cire kaki ya koma yana aikin da bai kai rabin wannan ba, wani ma sai godiya da sannu.

Wasu kuma idonsu na kan manyan gidajen waje. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga kuma TRT ta Turkiyya. Ba laifi mutum ya yi buri, amma kujerun wasanni a waɗannan wurare duka ana iya ƙirga su da yatsu, kuma ba sa ɗaukar wanda bai taɓa nuna aikinsa a wani wuri ba. Sannan su ma ba tudun mun tsira ba ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, masu saurare suka kunna rediyo suka ji sashen Hausa shiru. In haka za ta faru ga gidan da ya yi shekara fiye da arba'in yana magana da mu, ashe bai kamata yaro ya zauna jiran takardar ɗaukar aiki daga can ba.

Wannan rashin albashi shi ke tura yaranmu cikin ramuka guda biyu. Na farko shi ne ambulan, abin nan da ake kira na goro ko kuɗin mota. Wakilin da shugaban kulob ke ba kuɗin mota ba zai iya buɗe baki ya ce 'yan wasa sun yi wata huɗu ba albashi ba, ba kuma zai faɗi abin da ya gani an yi wa alƙalin wasa a bayan fili ba. Ranar da mai sauraro ya gane bakinka a ɗaure yake, shi ke nan ya daina yarda da kai, kuma yarda ita ce jarin ɗan jarida. Rami na biyu shi ne tallan caca. Kamfanonin cacar ƙwallo su ne suka fi sakin kuɗi ga masu shirin wasanni da masu shafuka a Facebook, sai yaro ya wayi gari yana koya wa ƙannensa yadda za su zubar da kuɗin cefane. Mun ga yadda Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan irin wannan caca a 2024. Wanda ya gina sana'arsa a kan wannan talla, ya gina ta a bakin rafi.

To, ina mafita? Ni a ganina, babbar matsalar yaranmu ita ce duk sun taru a rumfa ɗaya. 'Yan uwana 'yan kasuwa sun san abin da ke faruwa in mutum goma suka baza albasa iri ɗaya a layi ɗaya ranar kasuwa. Kowane yaro so yake ya yi sharhin Real Madrid da Barcelona da Arsenal, alhali labarin da zai karanta da ƙarfe biyar na yamma, mai gyaran babur ya riga ya gan shi a wayarsa tun da hantsi. Babu editan da zai biya ka albashi don ka fassara masa abin da ke intanet kyauta. Abin da ake biya shi ne labarin da ba wanda yake da shi sai kai, kuma irin wannan labari yana nan a ƙofar gidanmu an bar shi yana lalacewa.

Ku dubi ƙwallonmu ta gida. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ci kofin lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Plateau United ta ci lig a 2017, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024. Ga Katsina United, ga Wikki Tourists ta Bauchi, ga Niger Tornadoes ta Minna, ga ɗaruruwan ƙananan kulob na unguwanni inda irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Ahmed Musa suka fara taka leda. Wa ke bin waɗannan yara tun suna filin ƙasa? Wa ya je ya zauna da tsofaffin 'yan Raccah Rovers, waɗanda suka ci lig a 1978, shekarar da Pele ya zo ya buga wasa da su a Kaduna, ya ɗauki maganarsu kafin ƙasa ta rufe musu ido? Wannan aiki ne da ɗan Landan ba zai iya yi ba, sai ɗan gida.

Sai kuma wasanninmu na gargajiya, waɗanda ɗan boko ke yi wa kallon abin 'yan ƙauye. Dambe yana da ɓangarorinsa, Kudu da Arewa da Guramaɗa, yana da gidajensa da ke cika maƙil, irin na Dei-Dei a Abuja. A 2017 wasu matasa 'yan kudancin ƙasar nan suka buɗe shafin Dambe Warriors a YouTube, suka riƙa ɗaukar damben nan namu suna nuna wa duniya, miliyoyin mutane suka kalla. Mu da muka gaji abin muna zaune muna gardamar Messi da Ronaldo. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakara takobi, kuma lokacinta ƙasar gaba ɗaya kunnenta na jikin rediyo. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin nan sau shida zuwa ƙarshen 2023, sunansa ya ƙetaro iyaka. Ga langa, ga tseren dawaki, ga wasan folo a Kaduna da Katsina da Kano. Dattawa sun san cewa ƙarfin Shago ne ya kayar da maza, amma bakin Ɗan Anace ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Aikin da makaɗi ya yi wa ɗan dambe jiya, shi ne ke jiran ɗan jarida yau, sai dai shi ɗan jarida zai faɗi faɗuwa kamar yadda ya faɗi nasara.

Saboda haka, ya ku 'ya'yana, ga shawara. Ku gyara Hausarku tukuna. Abin kunya ne mai digiri ya kasa rubuta layi biyar na Hausa ba kuskure, ko ya hau iska yana rabi Hausa rabi Turanci alhali muna da bugun kusurwa da bugun tazara da satar gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ku san dokokin ƙwallo guda 17 kamar yadda kuka san sunayen 'yan wasan Turai. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta sakamakon kowane wasa na yankinku, wa ya ci, a minti na nawa, wa aka kora, domin bayan shekara uku duk mai neman wannan bayani wurinku zai zo. Ku je fili da ƙafarku, ku ɗauki murya da hoto da wayar da ke hannunku, ku riƙa sakawa a kai a kai ba fashi. Ranar da gurbi ya fito, wanda ya ajiye aikin shekara biyu a gaban edita ya fi wanda ya ajiye takarda kawai. Ku kusanci ƙungiyar marubuta labarin wasanni ta ƙasa, SWAN, wadda ke da rassa a jihohi, ku koyi aiki a hannun na gaba. Kada ku manta kulob-kulob da hukumomin wasanni na jihohi su ma suna ɗaukar jami'in watsa labarai. Kuma wanda ya ƙara da Faransanci, ya buɗe wa kansa ƙofar Nijar da Kamaru da Chadi.

'Yan mata ma kada a bar su a baya. A 2025 'yan ƙwallonmu mata, Super Falcons, suka ci kofin Afirka karo na goma a Maroko, kuma akwai labaran 'yan wasa mata da mace ce kawai za ta iya shiga ta samo su.

Mu kuma iyaye, kada mu ce yaro ya lalace don mun gan shi a bakin fili da littafi. Sana'a ce, kuma akwai masu ci da iyali da ita. Amma mu gaya masa gaskiya, itace ne da ba ya 'ya'ya a shekarar farko, don haka ya riƙe wani abin a gefe, ko koyarwa, ko noma, ko zaman shago, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaron da ke da abin sayen sabulu ba zai miƙa hannu a karɓi ambulan da shi ba.

'Yan uwana 'yan kasuwa, mu ma da namu. Mai gidan burodi, mai sayar da taki, mai kayan gyaran babur, mai shagon waya, mutanen da ke sauraron shirin wasannin nan su ne masu sayen kayanmu. In mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin shiri ba, biyar su haɗa kuɗi a ambaci shagunansu, yaro ya samu abin yi, mu kuma mu samu ciniki, mun kuma tare hanyar masu caca. Masu gidajen rediyo kuwa ina roƙonsu su ji tsoron Allah, su biya ma'aikaci hakkinsa, in ba za su iya ɗaukar yaro ba su faɗa masa tun farko, kada a riƙe shi shekaru da alkawarin gobe. Gwamnatocin jihohi da ke kashe kuɗi a kan kulob-kulob su ma su tuna da masu kai labarin kulob ɗin ga talakawan da aka yi abin dominsu.

Allah Ya ba yaranmu abin yi na halal, Ya sa musu albarka a karatunsu, Ya ba mu damina mai kyau da kasuwa mai albarka, amin.

Naku kullum,
Wani mai shagon kayan masarufi,
Funtuwa, Jihar Katsina.