Sharhi: Yaƙin Sobraon da cinikin Kashmir

Ranar 10 ga watan Fabrairun 1846 ne sojojin Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila, ƙarƙashin Janar Hugh Gough, suka auka wa rundunar Sikh a Sobraon, a gaɓar kogin Sutlej. Kafin tsakar rana an gama yaƙin. Littattafan Turawa sun daɗe suna bayyana wannan rana a matsayin nasarar manyan bindigogi da horon soja. To amma duk wanda ya duba lamarin da idon basira zai ga cewa tun daga fadar Lahore aka karya lagon wannan runduna.

Sarki Ranjit Singh, wanda ya kafa daular Sikh a Punjab, ya bar runduna mai horo irin na Turai da ɗaruruwan igwa. Bayan rasuwarsa a 1839 sai fada ta rikice da kashe-kashen neman sarauta, sojoji kuma suka gagari kowa, har suka kashe waziri Jawahar Singh a 1845. Ke nan manyan fada sun fi tsoron sojojinsu a kan abokan gaba. Sabon waziri Lal Singh ya riƙa aika wa Turawa saƙo a asirce. Shi kuwa babban kwamanda Tej Singh, ana tsakiyar fafatawa a Sobraon ya tsallake kogi ya bar mutanensa. Gadar kwale-kwale da ke bayansu ta karye, ga kogi ya cika, dubban mayaƙa suka halaka ta ruwa da harsashi. Dattijo Sham Singh Attariwala ya ƙi ja da baya, ya mutu a filin daga. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne waɗanda suka biya kuɗin wannan rashin nasara. A yarjejeniyar Lahore ta watan Maris na 1846, Turawa sun nemi diyyar yaƙi ta rupi miliyan 15. Baitulmali ya kasa biya, aka miƙa yankunan tsaunuka a madadin wani kaso, ciki har da Kashmir. Mako guda bayan haka, a yarjejeniyar Amritsar, Turawa suka sayar wa Gulab Singh, sarkin Jammu, da Kashmir a kan rupi miliyan 7 da rabi. Shi mabiyin addinin Hindu ne, akasarin mutanen kwarin Kashmir kuwa Musulmi ne, kuma babu wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Zuriyar Gulab Singh ta yi shekara ɗari tana mulki. Hari Singh, sarki na ƙarshe a gidan, shi ne ya sa hannu kan takardar haɗe Kashmir da Indiya a watan Oktoban 1947. Indiya da Pakistan sun gwabza yaƙi a kan yankin a 1947 da 1965 da 1999, kuma yanzu dukkansu na da makaman nukiliya.

Babu shakka rabon ƙasa na 1947 da siyasar ƙasashen biyu suna da nasu alhakin. Amma tushen matsalar shi ne ɗaukar al'umma tamkar hajar kasuwa. Matuƙar Delhi da Islamabad za su ci gaba da tattauna makomar Kashmir ba tare da mutanen Kashmir ba, to cinikin 1846 ne ake maimaitawa.